Ɓari a kai a kai: a duba jini ma

Uwargida, da zarar ciki ya zube sau biyu ko uku, sai a fara zancen iska ko sammu, wani lokacin har a ɗora wa kishiya. Alhali akwai wata cuta da ko a asibiti ba a cika tunawa da ita ba. Sunanta APS, wasu kuma na ce mata cutar Hughes, sunan likitan da ya bayyana ta a Landan a 1983.

Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta riƙa fitar da sinadaran da ke sa jini saurin daskarewa. Idan gudan jini ya toshe ƙananan jijiyoyin mabiyiya, abinci ba ya isa ga ɗan tayi, sai ciki ya lalace ko a haifi bakwaini. Tana kuma kawo kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, ko shanyewar ɓarin jiki ga mai ƙuruciya. Maza ma ba ta bar su ba.

Da gwajin jini ake gano ta, kuma sai an maimaita bayan mako 12 kafin a tabbatar. Idan an gano, likita kan haɗa mai ciki da asfirin kaɗan da allurar heparin, kuma mata da yawa sun sauka lafiya ta haka. Amma don Allah kar ki je kemis ki saya da kanki, domin maganin tsinka jini na iya jawo zubar jini.

Ranar awo, ki faɗi duk ɓarin da kika taɓa yi da watannin kowanne, sannan ki tambayi likita ko ya kamata a yi miki gwajin APS.