Kalmar da na tsinta a Sifaniyanci

Ni dai ƙwallo ce ta ja ni koyon Sifaniyanci, don in riƙa gane abin da masu sharhin La Liga ke faɗa. A hutun da ya wuce ina gida Indabo, ina ta lallaɓa ɗan datana, sai na ci karo da wani aikatau: estraperlear. Ma'anarsa cinikin kayan da hukuma ta hana ko ta ƙayyade farashinsu, ta bayan fage. Wanda ya sayi abu ta wannan hanya sai a ce ya saye shi de estraperlo.

Asalin kalmar ne ya tsaya min a rai. A 1934 wasu baƙin 'yan kasuwa, Strauss da Perlowitz, suka shigo Sifaniya da na'urar caca ta maguɗi, suka yanko sunayensu suka raɗa mata Straperlo. Suka ba manya na goro, aka bar su suka kafa ta a San Sebastián. Da asiri ya tonu a 1935, badaƙalar ta kassara jam'iyyar Alejandro Lerroux, wanda ya sha riƙe kujerar firaminista. Amma bayan yaƙin basasarsu, lokacin da ake rabon abinci da kati daga 1939 har 1952, sai sunan ya koma kan talaka, har da mata masu ɓoye burodi da man zaitun cikin tufafi don su ciyar da 'ya'yansu. Manya suka haifi kalmar, ƙanana suka gaje ta.

To 'yan'uwa ɗalibai, ku dubi tamu. In an ce ɗan fasa-ƙwauri ko ɗan sumoga, wa kuke gani? Yaro ne a kan babur da buhu biyu, ya ratso daji ta wajen Maigatari, rai a hannun Allah. Mai tirela goma kuwa Alhaji muke ce masa, har mu durƙusa. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, amma shinkafa 'yar waje ba ta ɓace a kasuwa ba, tsada kawai ta yi. Kar wani ya ce min babur ne ya ciyar da Kano duk tsawon lokacin nan.

Ba wanke yaron nake ba, manomin shinkafar Kura ya san ɓarnar da ake masa. Cewa nake a riƙa kiran kowa da sunan sana'arsa. Mu ma da muke dafa ta da manja a hostal, ban taɓa jin wanda ya tambayi ta ina buhun ya shigo ba.