Wa Ya Ci Ribar Yarinyar Da Aka Binne?

Ya kai mai karatu, ko kana Gidimuni, ko Mirya, ko cikin Birnin Damagaram, da wuya a ce ba ka taɓa jin labarin ganuwar Sarki Tanimun ba. Tanimun ɗan Sulaiman ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, shi ya sa maƙera suka zuba masa igwa. Wannan tarihi ne. Amma akwai ƙarin gishiri da ake yi wa labarin a wajen hira. Wai lokacin ginin an sa Alƙur'anai cikin ƙasar, an kuma sa ƴan mata budurwai da ransu, aka ɗora gini a kansu, don kada abokin gaba ya ci garin. Har baƙi ana gaya musu haka, suna rubutawa cikin littattafansu.

Labarin baka ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fuskar mai ba da shi. Dube shi da kyau, murmushi yake yi, wai ka ji sarakunan da, ka ji mazaje. In ka nuna ƙyama sai ya ce maka ai daraja aka yi wa yaran, sun shiga tarihi. To, ce masa ya faɗi sunan ko guda cikinsu. Da wannan kalma ta daraja nake faɗa yau, kuma zan kawo maka shaida daga nesa, daga wurin da gawa ta ba da labarin kanta.

A yammacin Amurka ta Kudu an yi wata babbar daula, sunanta Inka, babban birninta Kusko, cikin ƙasar Peru ta yau. Turawan Ispaniya suka karya ta a 1532 da 1533. Mutanen Inka suna da wata al'ada da suke kira kapakoca. In sarki ya mutu, ko an naɗa sabo, ko wani bala'i ya faɗo wa ƙasa, sai a zaɓo yara kyawawa marasa tabo daga garuruwa, a kai su Kusko, a yi musu biki. Daga nan a tasa su gaba zuwa ƙwanƙolin duwatsu, a ba da su ga abin bauta.

A watan Maris na 1999, masu bincike biyu, Yohan Rainhad da Konstansa Seruti, da mutanensu, suka hau dutsen Yuyaiyako, kan iyakar Arjantina da Cile. Tsawonsa mita 6,739. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana Bagzan, cikin Abzin, mita 2,022 ne. Ko ka ɗora irinsa uku bisa juna ba su kamo wancan ba. A can sama suka tono yara uku: budurwa mai shekara 13 zuwa 15, da wani yaro da wata yarinya waɗanda ba su kai 8 ba. Mu nan da rana da gishiri muke hana nama ruɓewa. Can sanyi da busasshiyar iska suka yi wannan aiki, shekara wajen 500. Budurwar tana zaune, ta tanƙwashe ƙafa, kanta a sunkuye, kitsonta ƙanana-ƙanana bai warware ba, kamar wadda gyangyaɗi ya sace. Kewaye da su ga tufafi masu tsada, ga tukwane, ga ƴan gumaka na zinariya da azurfa.

Da aka ga haka, masu cewa daraja suka samu abin faɗi. Ku duba, in ji su, ba alamar wahala, cikin salama ta tafi, cikin ado.

Sai aka bincika gashinta. Gashin mutum yana tsiro kamar santimita ɗaya kowane wata, kuma abin da mutum ya ci ko ya sha yana barin alama a ciki. Dogon gashi kamar littafin ɗan tireda yake, wata bayan wata. Masana na Ingila suka karanta nata, suka fitar da sakamako a 2007 da 2013. Ga abin da ya nuna. Da can abincin talaka take ci, yawanci dankali. Shekara guda kafin mutuwarta abincin ya sauya, ya koma masara da nama, cimar manya. A wannan shekara kuma aka yawaita ba ta ganyen koka, wanda suke taunawa kamar yadda muke tauna goro, wanda daga jikinsa ake fitar da hodar iblis. Makonnin ƙarshe aka yi ta ɗura mata giyar masara. An tarar da dunƙulen ganyen cikin bakinta, ba ta gama taunawa ba. Shi kuwa ƙaramin yaron a ɗaure tamau aka same shi, da amai a rigarsa.

Mai karatu, in ka taɓa turke rago don Layya ka gane wannan aiki. Dusa da harawa da kanwa, ana shafa bayansa, ana yaba kyansa. Ba wanda ya taɓa cewa ragon ake girmamawa. In yarinya ta yarda, me ya kawo giya? In yaro yana murna, me ya kawo igiya?

Saura mu ga wanda ya ci riba. A wajen 1622 wani limamin Kirista, Hernandes Prinsipe, ya rubuta labarin da ya tarar a garin Okros na Peru. Wani mutum, Kake Poma, ya ba da ɗiyarsa Tanta Karwa, mai shekara 10. Aka kai ta Kusko, aka yi mata biki, aka komo da ita ƙasarsu, aka saka ta rami da ranta, aka rufe. Sarkin Inka ya saka wa uban da kujerar sarautar garin, zuriyarsa suka gada. Ita rami, shi kujera. Labarin ya ƙara da cewa wai ita da bakinta ta ce a gama da ita, bikin da aka yi mata ya wadatar. A ina aka ji wannan magana? A garin da jikokin uban ke mulki. Mai cin gado ba ya zagin hanyar da gadon ya biyo.

Kada ka ce wannan halin mutanen nesa ne. Ibnu Batuta, matafiyin Maroko, ya iso Takadda cikin ƙasarmu a 1353. Ya rubuta abin da aka gaya masa game da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da yawa suka ce Gobir ce, tun sarakunanta ba su musulunta ba. In sarki ya mutu, sai a yi masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a shigar da wasu barorinsa, da ƴaƴan manyan gari 30, maza da mata, bayan an karya musu hannuwa da ƙafafu. Wani ɗan ƙabilar Masufa da ke zaune cikinsu, na hannun daman sarki, ya gaya masa an so a haɗa da ɗansa. Sai da ya zuba dukiya mai yawa ya fanshe shi. Ka taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don a raba ɗansa da daraja? Kuma ba a karya ƙafar wanda ba a tsoron zai gudu.

Addinin da Tanimun yake bi ya haramta wannan tun farkonsa. Suratut Takwir ta yi maganar yarinyar da aka binne da rai da hisabin da za a yi a kanta. Layyar da muke yi kowace shekara tana tuna mana an fanshi yaro da rago. Saboda haka mai haɗa Alƙur'ani da budurwa cikin katanga ɗaya yana tafi, bai san abin da bakinsa ke faɗi ba. In ƙarya ce, ya yi wa Sarki ƙazafi. In gaskiya ce, makoki ya kamata ya yi. Ganuwar ma ba ta hana Faransawa shiga Damagaram a 1899 ba.

Na san wani zai ce a bar kaza cikin gashinta, abin da ya wuce ya wuce. Da ya wuce da na yi shiru. Su yaran Yuyaiyako ma ba a bar su sun huta ba, tun 2007 ana nuna su ɗaya bayan ɗaya cikin akwatin gilashi mai sanyi a birnin Salta, ko da yake wasu ƴan asalin ƙasar sun ce bai dace ba. Amma wannan rigimarsu ce. Tamu tana cikin gida.

Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cikin matan Nijar 100 masu shekara 20 zuwa 24, an aurar da 76 kafin su cika 18, an aurar da 28 kafin su cika 15. Ban ce aure kisa ne ba, kada a juya mini magana. Aure sunna ne, kuma iyaye da yawa tsoron abin kunya da talauci ke tura su. Amma saurari abin da ake faɗa ranar da aka cire ƴar shekara 13 daga lakwal aka ba sa'an kakanta. Alhaji ya yi mana daraja. Ta shiga gidan hutu. Ga turamen zane, ga nama kullum, ga guɗa. In tana kuka a ce kukan amarya ne. Sannan ka bi sawun abin da ya shigo gidan uban: bashin hatsi da aka yafe, garkar da aka jinginar ta komo, ko babur. Bayan shekara guda ƙugun da bai gama girma ba ya gamu da naƙudar kwana biyu. Wata ta tashi da yoyon fitsari, mijin ya sallame ta. Wata ba ta tashi ba, aka ce kwananta ne ya ƙare. Babur yana nan yana yawo. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace har shekara 16. Takarda ba ta shiga zaure ranar da aka kawo goro. Kai ne kake zaune a zauren, ko kai baba ne, ko kawu, ko liman, ko mai gari.

Akwai kuma wadda ko goron ba a raba ba. A 1996, a yankin Birnin Ƙonni, aka sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya a gidan wani mai shekara 46. Ta shekara 9 a can. Da ta fita ta auri wanda take so, mutumin ya ce ai matarsa ce, har aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure. Cikin dukan yaran da na lissafa maka, daga Okros har Gobir, ita kaɗai ta samu bakin magana. Da ta samu kuwa, ƙara ta kai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, tana zaune a Yamai, ta ce bauta aka yi da ita, ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta diyyar sefa miliyan 10.