Lissafin da ke Madafi Bai Shiga Aji Ba

A hutun da ya gabata na sauka gidan ƙanwata a Zuru, sai ɗanta da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya kawo mini aikin da aka ba shi a darasin da littattafan lissafi ke kira reshiyo. Tambayar ita ce, 2:3 daidai take da 4 da nawa? Yaron ya rubuta 5, hujjarsa kuwa an ƙara biyu a hagu, shi ma ya ƙara biyu a dama. Ban gyara masa ba. Na dai tuna masa cewa mahaifiyarsa kan haɗa masara kwano biyu da dawa kwano uku in za a kai niƙa, na ce to yau ga baƙi, an auno masara kwano huɗu, dawa nawa za a sa? Ko numfasawa bai yi ba ya ce, "Shida mana, Kawu."

Mai karatu, yaro ɗaya ne, tambaya ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne harshen da aka yi ta da shi, shi ya sa nake ganin mu masu nazarin harshe muna da ta cewa a nan, ko da malaman lissafi za su ce mun yi shisshigi.

Ainihin darasin shi ne yaro ya gane cewa dangantakar adadi biyu ba ta gushewa in an ninka su tare, amma takan lalace in an yi musu ƙari iri ɗaya. Hausa tana da kayan aikin faɗar wannan. Muna da bibbiyu da uku-uku, muna da sau da ninki, muna kuma cewa "ga kowane kwano biyu na masara, a sa uku na dawa". Sai dai kash, abin da akasari ake yi a aji shi ne a rubuta lambobi, a ja layi biyu a gicciye, a ce a ninka. Yaro ya haddace dabarar, ya ci gwajin ranar Juma'a, kafin zango na gaba ta bi ruwa.

Ko malamin da ya tausaya ya juya zuwa Hausa yakan faɗa wani ramin, domin sau da yawa yana karanta 2:3 da "biyu bisa uku". Alhali a haɗin ƙanwata masara biyu bisa biyar ce na dukan hatsin, tunda kwano biyar aka zuba. Kalmar "bisa" ta kason abu ce daga jimillarsa, reshiyo kuwa a nan gwama sashe ne da ɗan'uwansa. Wannan kuskuren fassara ne, kuma yakan bi yaro har jarrabawar WAEC.

Kada a ɗauka magana ce ta maki kawai. Yaron nan shi za a tura gona da tankin feshi da gwangwanin madara ya haɗa maganin ciyawa. In tankin da ya saba da shi mai lita 20 ne, ya aro mai lita 16, bai kuma san yadda zai rage maganin daidai da ruwan ba, zai yi asarar kuɗi, wataƙila ma ya ƙone shukar. Haka birkila da siminti da yashinsa.

Na san gwamnati ta yanke nata hukuncin. Manufar ilimi ta 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen gida, a 2022 minista Adamu Adamu ya sanar da faɗaɗa haka zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya soke, ya ce Ingilishi za a yi amfani da shi. A ganina an yi gaggawa, musamman da yake gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. Amma ko da Ingilishi za a rubuta jarrabawa, minti goma na farkon darasi suna hannun malami.

A Zuru lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ya kamata mu Hausawa mu faɗi gaskiya. Yara da yawa C'lela suka tashi da shi, wasu kuma sauran harsunan masarautar, Hausa ta kasuwa ce, Ingilishi na uku. Saboda haka ba ina kiran a ɗora wa kowa Hausa ba ne. Malami ya tambayi ɗalibansa yadda ake faɗar "biyu ga kowane uku" a gidajensu, ya zana jadawali a allo, 2 da 3, 4 da 6, 6 da 9, ya bar su su gano da kansu me ya hana 4 da 5 shiga sahu. Bayan nan sai ya kawo alamar da sunanta na Ingilishi, ninkin gicciye ya zo a ƙarshe.

Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu za ta iya zaunar da malaman sashen lissafi da na harsuna su daidaita 'yan kalmomin da darasin ke bukata, da Hausa da C'lela, hukumar SUBEB ta Jihar Kebbi kuma ta raba wa makarantu. Ba za su cika shafi biyu ba.