ZANCEN KASUWA: Yaron Kanti Da Takardar Shaida

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta shafi kusan kowane gida a Zango, wato makomar yaranmu masu tsaron kanti.

Ba mai musun cewa mu mutanen kasuwa ne. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. Yadda aka saba, yaro yakan shiga hannun maigida tun yana ƙarami, ya koyi ciniki, ya bambance mai saye da mai tayi kawai, in ya yi hankali a yanka masa jari. Wannan ma makaranta ce, ta kuwa yi mana rana.

Amma fa kasuwa ta sake kama. Kamfanin Melcom da ya fara a 1989 yau yana da rassa a manyan garuruwan ƙasar nan, ga kuma Kumasi City Mall da aka buɗe a 2017. Irin waɗannan wurare ba sa tambayar ɗan wane ne kai, takarda suke nema. Sai ka ga yaron da ya shekara 10 yana ciniki a Kejetia ko Nima, ya fi kowa iya magana da mai saye, amma ba shi da abin nunawa.

To, me ake koya a karatun sayar da kaya? Ana koyon ƙidayar kaya da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da fitar da tsohon kaya kafin sabo don kada wa'adinsa ya ƙare a kan kanta, da yanka rasit, da aiki da na'urar karɓar kuɗi da MoMo, da rarrashin mai saye in ya dawo da ƙorafi. Sai kuma lissafin riba. Wanda ya saro kaya sidi 100 ya sayar 120 yakan ce ya ci 20, alhali bai cire kuɗin mota da dako da hayar shago da haraji ba. Nan ne jari yake zurarewa ba a sani ba.

Hanya kuwa a buɗe take. Dokar 2020 ta kafa hukumar CTVET mai kula da koyon sana'a, kuma tsarin takardun shaidarta hawa 8 ne. Na ƙasa, National Proficiency I, an yi shi ne har da waɗanda ba su yi nisa a boko ba. Yaron da ya shiga sakandare kuma yana iya ɗaukar sashen kasuwanci, ya fito da lissafin kuɗi a jarrabawar WASSCE.

Sai dai a yi hattara. Kafin uba ya biya ko sidi ɗaya a makarantar kuɗi, ya tambaya ko tana da rajista da CTVET, ya nemi a nuna masa shaida. Takardar da hukuma ba ta san da ita ba, ado ne kawai na bango.

Kiranmu na ƙarshe ga iyayen gida ne. Alhaji, sakin yaro na 'yan sa'o'i a mako ba asara ba ce, littafinka ne zai gyaru. 'Yan matanmu masu taya iyaye mata saye da sayarwa su ma kada a bar su a baya. Gado muna da shi, saura takarda.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.