Littafin Zane a Gefen Gadon Mai Jinya

Idan an kwantar da wani naka a asibiti, ko ciwo ya tsare shi a gida, ka san kayan da dangi kan tattara masa: filas na ruwan zafi, kwanon abinci, tabarma, buta, bargo, sai ledar magunguna. Ina so in roƙe ka ka ƙara abu biyu a cikin kwandon nan: littafin rubutu irin na 'yan makaranta da fensir guda. Ra'ayina, a matsayina na mai haɗa magunguna a asibiti, shi ne duk wanda ciwo zai daɗe tare da shi yana da buƙatar littafin da zai riƙa zana abin da idonsa ke gani kullum, daga butar da ke bakin ƙofa har akuyar da ke tuƙa a gindin darbejiya. Na san maganar za ta ba wasu dariya, don haka bari in kawo hujjojina.

Doguwar jinya lokaci take ci kafin ta ci komai. Mai tarin fuka yakan sha magani wata shida a mafi yawan lokuta. Mai wankin ƙoda yana zama kusan awa huɗu a jikin na'ura, sau biyu ko uku a mako. Wanda ya karye yana kwana da wuni a wuri guda na makonni, wanda kuwa ya samu shanyewar ɓarin jiki yana iya shekara bai koma kasuwa ba. A duk tsawon wannan lokaci, mu dangi, saboda tausayi, mukan ƙwace masa kowane aiki. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, a ce ya bari. In ya tambayi labarin gona, a ce ya ji da kansa. A hankali sai mutumin da jiya yake ciyar da gida ya wayi gari ba shi da abin yi sai sauraren jikinsa, kuma zuciyar da ba ta da wurin zuwa ciwon take komawa. Daga nan barci yake ƙauracewa, cin abinci ya ragu, sai ka ji mai jinya yana cewa ya gaji da shan ƙwayoyin nan. Mu da ke bakin tagar ba da magani mun san wannan gajiyar sarai, domin ita ce ke sa mutum ya ajiye magani a wata na uku alhali saura wata uku.

Zane yana fitar da hankali daga cikin jiki zuwa tsakar gida. Ka ɗauki kaza misali. Shekara nawa kana ganinta, amma in aka ce ka faɗi yatsu nawa ne a ƙafarta, ko ina kunnenta yake, sai ka tsaya tunani. Ranar da ka zauna za ka zana ta, dole ka dube ta da gaske: yadda take karkata kai ta kalli ƙasa da ido ɗaya, yadda take tono da ƙafa sannan ta ja da baya ta duba abin da ta tono, yadda take ɗaga kai sama in ta sha ruwa. Minti goma sha biyar da aka yi ana wannan kallo, minti goma sha biyar ne da ba a yi su ana lissafin kuɗin asibiti ba. Hoton waya ba ya yin wannan aiki, domin ɗaukarsa ƙiftawar ido ce, an danna an wuce, hankali ya koma inda ya fito.

Dabbobi sun fi komai dacewa da mai jinya saboda dalilai masu sauƙi. Suna nan a kowane gida da kowace unguwa, ba sai an fita nema ba: tantabaru a kan kwano, ƙadangare a jikin katanga, zabi, tumaki, jakin mai itace, balbela a bayan shanu. Ba sa tambayarsa ya jiki, ba sa kallonsa da tausayi. Kuma suna sauyawa da lokaci, ta yadda littafin kan zama tamkar kalanda. Ɗan akuyar da aka zana yana tangaɗi a makon farko na shan magani, zuwa wata na shida ya fid da ƙaho yana tsallake danga. Shamuwa ta zo da damina ta tafi. Mai jinya da ya buɗe shafukan baya yakan ga da idonsa cewa kwanaki suna tafiya, ba tsaye suke ba kamar yadda zuciya ke raya masa.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya kwanta jinyar tarin fuka a 1938, lokacin da ba a samu magungunan da muke da su yanzu ba, ya riƙa zana abubuwan da ke kewaye da gadonsa, daga baya ya koya wa sauran majinyata. Shi ne a 1942 ya raɗa wa abin sunan da ke nufin jinya ta hanyar zane, ya kuma rubuta littafi a kai a 1945. Frida Kahlo, shahararriyar mai zane ta ƙasar Meziko, ta duƙufa ga zane ne tana kwance bayan mummunan haɗarin mota a 1925. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar da rahoto da ya tattara bincike sama da 3,000 kan alaƙar fasaha da lafiya, inda ya nuna cewa tana taimakawa wajen rage damuwa da jure doguwar jinya. A 2016 kuma, masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun ba mutum 39 kayan zane na minti 45, suka auna sinadarin kotizol, wanda ke hauhawa lokacin damuwa, suka ga ya sauka a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma ƙwarewa a zane ba ta kawo bambanci ba. Ƙaramin bincike ne, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, amma yana tafiya tare da abin da majinyata suka daɗe suna faɗa.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi kusa da aikina. Littafin zane shaida ne a kan hannu da ido, kuma magunguna da yawa a nan suke fara nuna illarsu. Salbutamol na masu asma yana iya sa hannu rawa, haka ma balfurowet na masu farfaɗiya, da wasu magungunan taɓin hankali irin su halofiridol. Aisoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya kawo dindiris ko jin kamar ana tsira allura a yatsu, shi ya sa ake haɗa wa wasu majinyata da bitamin B6. Etambutol, shi ma na tarin fuka, yana iya taɓa jijiyar ido har mutum ya kasa bambance ja da kore. Digoksin na ciwon zuciya, in ya yi yawa a jini, yana iya sa mutum ya riƙa ganin abubuwa da launin rawaya. Waɗannan sauye-sauye sukan shigo a ɓoye, mai jinya bai iya cewa ga ranar da suka fara. Amma wanda yake zana zakara ɗaya kowane mako, da kwanan wata a saman shafi, zai iya nuna wa likita inda layinsa ya fara karkarwa, ko ranar da jan tukkun zakara ya daina yi masa kama da ja. Su kansu likitoci suna amfani da zane wajen bincike: sukan sa mai rawar hannu ya zana layi mai naɗewa kamar gammo, mai matsalar mantuwa kuma ya zana fuskar agogo. Ba ina cewa ka zama likitan kanka ba ne. In ka ga irin wannan sauyi, kai littafin asibiti a duba. In kuwa ido ne ya sauya alhali ana shan maganin tarin fuka ko na zuciya, a garzaya a ranar, kafin a sha na gaba, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Shafin farko na littafin ina ba da shawara a bar wa magungunan kansu. A zana kowace ƙwaya da siffarta da launinta, a rubuta sunanta a gefe da boko ko ajami, a zana rana tana fitowa, ko tana tsaka, ko jinjirin wata, don nuna lokacin sha. Wani bincike na Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2016 ya nuna cewa mutane sun fi tuna kalmar da suka zana hotonta fiye da wadda suka rubuta kawai. Ga tsohuwar da ba ta karatu, da jikar da ke ba ta magani, wannan shafi yana iya hana a sha na dare da safe. Sai dai a kula, magani ɗaya yana iya zuwa da launi daban in kamfani ya sauya, saboda haka duk lokacin da aka karɓo sabo a nuna wa mai ba da magani shafin ya tabbatar.

Na san abin da za ka ce. Na farko, ba ka iya zane ba. Babu wanda zai ba ka maki, kuma amfanin yana cikin kallon ne, ba cikin kyan abin da ya fito ba. Jakin da ka zana ko ya yi kama da tebur, ka dai kalli jaki. Na biyu, wai wasan yara ne, bai dace da magidanci ko uwar gida ba. Alhali hannun Bahaushe bai taɓa rabuwa da zane ba: magina da ke ƙawata fuskar soro a Kano da Zariya da Damagaram, masu zayyanar allo ranar sauka, masu ɗinkin hula da aska takwas a wuyan riga, mata masu zanen ƙwarya da masu lalle, duk manya ne, kuma sana'arsu abin girmamawa ce.

Na uku shi ne mafi nauyi: batun zana abu mai rai. Malaman Musulunci sun yi magana a kai tun da daɗewa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci a wasu halaye, kuma wannan fage ba nawa ba ne. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. In zuciyarka ba ta natsu ba, kada ka yi abin da zai ƙara maka damuwa, domin an zo rage ta ne. Duniyar dabbobi tana da faɗi ko ba a zana jikinsu ba: sawun kaza a kan yashi, gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, sheƙar tsuntsu, akurki, turke da igiya, tukunyar tantabaru. Ga kuma itatuwa, rumbu, murhu, randa, takalmin da aka cire a bakin ƙofa. Ana iya rubuta halin dabbar da kalmomi a gefe. Kallon dai shi ne, kuma ya samu.

Tunda magana ta zo kan dabbobi, dole in ja kunne. Kallo daga nesa ake so. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin ciwon daji ko mai ƙanjamau, kada ya shiga akurki ko turke. Mai juna biyu ta nisanci kashin kyanwa. Kada a kusanci karen da ba a sani ba, ko wanda halinsa ya sauya. In ya yi cizo ko yakushi a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, a tafi asibiti saboda ciwon haukan kare. Kaji in suna mutuwa da yawa lokaci guda, kada a taɓa su da hannu, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Gashin tsuntsu ko sheƙar da aka tsinta a bar wa mai lafiya ya ɗauko, a wanke hannu bayan haka.

Farawa ba wuya. Zaɓi lokaci guda kullum, ko bayan shan maganin safe, ko da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi. Rubuta kwanan wata. Zana abu ɗaya na minti goma, kada ka goge, kada ka yage shafi. A ƙasa rubuta layi guda: yadda ka kwana, ko abin da ka ci, ko inda ke maka ciwo. Wanda hannunsa ya yi rauni a naɗa masa tsumma a jikin fensir don ya yi kauri, mai shanyewar ɓarin jiki kuma ya tambayi ma'aikacin da ke koya masa motsa gaɓoɓi wane hannu zai yi amfani da shi. Yaro mai sikila da ciwo ke hana shi makaranta a ba shi fensiran launi, a bar shi ya zaɓi abin da zai zana. Ku kuma dangi, kada ku yi dariya, kada ku gyara masa, kada ku buɗe littafin sai da izininsa. In ya nuna muku, ku tambaye shi labarin abin da ya zana. Mai zaman jinya ma, wadda ke kwana a tabarma a ƙasan gado, ta cancanci nata littafin.

Abu ɗaya ya rage da ba zan ɓoye maka ba. Fensir ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya saukar da suga, ba ya maye gurbin ƙwaya ko ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta. In baƙin ciki ya wuce mako biyu, mai jinya ya daina ci da barci, ya daina sha'awar komai, ko ya fara maganar gwamma mutuwa, wannan ciwo ne mai zaman kansa da ke da magani, a gaya wa likita ba tare da jin kunya ba. Abin da littafin zane ke yi ƙarami ne, amma na kullum ne: yana ba mai jinya aikin da yake nasa, yana ba likita shaidar da baki ba zai iya bayarwa ba, yana kuma sauƙaƙa jiran da magani ke buƙata kafin ya yi aikinsa. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. In za ka je dubiya a makon nan, tsaya a shagon unguwa ka sayi littafin da fensirin, ka feƙe shi tun daga gida, ka rubuta kwanan wata a shafin farko. Allah ya ba majinyatanmu lafiya.