Allurar R21 da Matsalar Allura ta Huɗu

An gwada R21, allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Jami'ar Oxford ta samar, kan yara 450 a Nanoro ta Burkina Faso, ta rage kamuwa da kashi 77 cikin ɗari. Najeriya ta fara yin ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Inda gizo ke saƙar shi ne allura ta huɗu. Uwar da ta kai jaririnta sau uku tun yana wata biyar, sai ta koma yana wata 15, ya fara tafiya, katin asibitin ma ya yage. Bibiyarta har gida aikin ma'aikatan lafiya na karkara ne, kuma ƙarancinsu ya fi ƙarancin allurar ban tsoro.