Ciwon Damuwa Ba Butulci Ba Ne

Babu mai musun cewa godiya ga Allah da riƙon addini suna sanyaya zuciya. Masana ma sun shaida haka. A 2003 wasu malaman jami'a a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun sa ɗalibai su riƙa rubuta ni'imomin da suka samu kowane mako, aka tarar sun fi jin daɗin zamansu bisa ga waɗanda aka sa su rubuta abubuwan ɓacin rai.

Amma fa akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum zai kasa barci, ya bar cin abinci, ya ƙaurace wa jama'a mako da makonni, sai 'yan'uwa su ce ya gode wa Allah, ai wani bai sami rabin abin da ya samu ba. Ga cuta, ga zargin butulci. Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi gum, wani har ya kai ga halaka kansa.

Magabata ba haka suka ɗauki al'amarin ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa ce imaninsa ya ragu ba. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai dalili, kamar rashi ko hasara, wanda nasiha ke kwantarwa, da wanda ke sauka haka kawai, asalinsa daga jiki, wanda sai an haɗa da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ke fama da wannan ciwo. Ba duka ne marasa godiya ba.

Saboda haka wajibi ne limamai da pastoci, waɗanda su ake fara kai wa kuka, su yi addu'a, sa'an nan su nuna hanyar likita. Akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, amma sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Lalle ne Gwamnatocin Jihohi su aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane ciwon da wuri.

Neman magani ba ya warware tawakkali. Kula da lafiyar da Allah Ya bayar, shi ma godiya ce.